Tasar Yayen Hindatu

To jama'a, ku gyara zama. Yau labarin gidan yayana na kawo muku, marigayi Shekarau maƙerin fari, Allah Ya ji ƙansa. Tun da muka kai shi makwancinsa ban cika son doguwar magana ba, amma wannan dole in faɗe ta, domin an ɗora mini hukuncin da ya fi ƙarfina ni kaɗai. Ku saurara har ƙarshe, sannan kowa ya faɗi abin da ya gani.

Duk wanda ya san garinmu ya san Shekarau. Maƙeran baƙi suna ƙera fartanya da gatari, shi kuwa nasa zobe ne da munduwa da awarwaro da ƙananan tasoshi. A wurinsa duk ƙarfen duniya gida uku ne. Akwai gidan baƙi, wanda mayen ƙarfe yake kamawa, tsatsa kuma take ci. Akwai gidan ja, wato tagulla da gaci, zinari ne sarkinsu. Sai gidan fari, wanda shi ne nasa. Azurfa ce sarauniyarsu, ga kuza, ga dalma, ga tutiya, ga sanholo da ya shigo daga baya, wanda yake kira baƙon gida. Kuza da dalma kuwa cewa yake uwa ɗaya uba ɗaya suke, domin duk biyun masu laushi ne, ba sa wahalar da wuta.

Matarsa Delu ta sha jin wannan lissafi har ta haddace shi. Abin da yake ba ta dariya, kuma yake sa ta ɗaga kai a cikin mata, shi ne 'ya'yanta uku duk ƙarfe suka bi, amma kowa da bakin da yake kiransa.

Hashimu, ɗan farinta, shi ya gaji ƙira. Ba ta kama sunansa, Maƙeri take ce masa. Ko ido a rufe ka miƙa masa guntun ƙarfe, zai auna shi a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa, ya karce shi da farce, ya faɗa maka ko wane ne.

Barira ce ke bi masa. Ita boko ta yi, har ta zama malamar kimiyya a makarantar 'yan mata. Wata rana ta kawo wa ubanta wata faffaɗar takarda mai ɗakuna-ɗakuna, ta ce jadawalin sinadarai ne, duk abin da Allah Ya gina duniya da shi yana ciki, kowanne da sunansa da layin danginsa. Da ta nuna masa cewa tagulla da azurfa da zinari layi ɗaya suke, sai ya ce, "Wa ya haɗa azurfa da tagulla gida ɗaya? Makaho ne?" Duk da haka ya kafa takardar a zaure, kowane baƙo ya shigo sai ya nuna masa, ya ce, "Karatun 'yata ke nan."

Na uku Zubairu, ɗan gwangwan. Yana da tsohuwar a-kori-kura da yake yawo da ita ƙauye-ƙauye yana sayen mataccen ƙarfe. Shi babu ruwansa da gida ko dangi, mayen ƙarfe da sikeli ne malamansa. Tagulla kofa yake ce mata, gaci biras, dalma kuwa batir, domin a tsohon batirin mota yake samunta. Shekarau yakan girgiza kai ya ce, "Wannan ja'irin ya sauya wa dangina suna kaf."

Akwai na huɗu, autansu Ilu. Shi haɗarin mota ya ɗauke shi, ya bar jaririya mai suna Hindatu. Da lokacin yaye ya yi uwarta ta kawo ta wurin Delu, daga baya ta yi aure a wani gari mai nisa. Yarinya ta zama ta kakarta.

To, gidan nan suna da wata al'ada tun kaka da kakanni. Duk ɗan da za a yaye, mai gida yakan zuba masa 'yar tasa ta zallar kuza, a ciki zai fara shan kununsa. Hashimu ya sha a tasa irin wannan, Barira ta sha, Zubairu ya sha, ni ma da nake ba ku labari a irinta na sha. Lokacin yayen Hindatu ciwo ya riga ya kwantar da Shekarau. Amma wata safiya ya rarrafa ya shiga maƙera shi kaɗai, ya hana kowa bin sa. Da hantsi ya fito yana haki, ya ajiye 'yar tasa mai sheƙi a gaban yarinyar, ya ce, "Ga sadakin amaryata." Aikinsa na ƙarshe ke nan a duniya. Bai daɗe ba Allah Ya karɓi abinsa.

Kun san yadda zuciya take. Delu ta riƙe tasar nan kamar hannun mijinta. Kullum da safe ta dama kunun tsamiya ta zuba a ciki, ta rufe da faifai, Hindatu ta riƙa zuwa tana kurɓa har rana ta take. Ita ma yarinyar ta saba, in aka zuba mata a wani kwano sai ta ture.

Wata da watanni ana haka, sai Hindatu ta fara canzawa. Yarinyar da take bin kaji da gudu ta koma zama wuri ɗaya tana riƙe ciki. Bayan gida ya ɗaure mata, tafin hannunta ya yi fari fat. Abin da ya fi tayar wa Delu hankali shi ne 'yan kalmomin da ta koya sun fara zubewa ɗaya bayan ɗaya, har Inna ma ta daina kira. Mai kemis ya ba da maganin zazzaɓin cizon sauro. Maƙwabta suka ce shawara ce, wasu suka ce iska. Aka jiƙa saiwa, aka sha rubutu, yarinya sai ƙara narkewa take. Delu ta binne ɗa, ta binne miji, ga shi abin da ya rage mata na Ilu yana sulalewa a cinyarta.

Ana cikin haka Barira ta zo hutu. Ta zauna tana kallon yarinyar, ta taɓa goshinta, ta buɗe idonta, ta tsayar da ita ta ga tana tangaɗi. Sannan ta ce, "Inna, wannan ba zazzaɓi ba ne, jikinta babu zafi. Ina tsoron dalma ce a jininta."

Delu ta saki baki. "Dalma? Ƙarfe a cikin jinin mutum? Ke Barira, karatun naki ne ya fara taɓa ki? Ubanki a cikin dalma ya tsufa."

Barira ta ce, "Akwai ƙarfe a jinin kowa, Inna. Irin na fartanya ma yana jikinki yanzu haka, in ya yi ƙaranci ne kike jin jiri. Tutiya ma jiki yana so kaɗan. Amma dalma ba ta da aikin komai a jiki sai ɓarna. Babba yakan daɗe yana ɗauke da ita, yaro kuwa kansa take nufa kai tsaye."

Ta tambayi ko ana sa wa yarinyar tozali, domin wani tozalin dalma ce. Delu ta ce ba ta taɓa sa mata ba. Ta yi zargin rijiya, amma duk yaran unguwa ita suke sha, lafiyarsu lau. Tasar kuwa ko kallonta ba ta yi ba, ai kowa ya san tasar yaye zallar kuza ce. Ba ta gano ta inda abin yake shiga ba, amma ba ta sauka daga maganarta ba. Ta goya Hindatu zuwa babban asibitin birni, ta zayyana wa likita abin da ta gani, ta roƙi a gwada jinin a nemi dalma da sunanta, domin gwajin da aka saba yi ba ya nuna ta. Likita ya saurare ta, ya sa aka aika da jinin. Sakamako ya dawo, dalma ce, kuma mai yawa. Sai dai likita ya gaya musu gaskiya, maganin da yake tsamo ta daga jini babu shi a wurinsu, yana kan tambaya bai samu ba tukuna.

Barira ta buga wa Zubairu waya tana kuka. Yana jin sunan ciwon sai ya ce, "Ciwon batir ke nan! Malama, share hawayenki, na san inda ake maganinsa." Ashe a yawonsa yakan shiga ƙauyukan masu haƙar zinari can yamma yana sayen matattun injinan niƙa. A can ya ga yara da irin wannan ciwo, domin dutsen da ake niƙawa yana da dalma. Ya kuma ga wani ƙaramin asibiti a wani ƙauye inda likitoci ba su da aiki sai shi.

Damina ce, ruwa ya sauka sosai. Zubairu ya zubar da lodin gwangwaninsa a bakin titi, ya shimfiɗa katifa a bayan mota, ya ɗauki uwarsa da yarinyar. Delu ta ƙulle 'yan kayanta a ɗankwali, ta sa tasar Hindatu a ciki, suka kama hanya. Sun yi tafiya mai nisa, suka iso wani rafi suka tarar ruwa ya cinye gada. Motoci sun yi layi, direbobi suna cewa sai an kwana biyu ruwa ya janye. A daidai nan Hindatu ta fara jijjiga, idanunta suka juye.

Delu ta ce, "Shi ke nan, Zubairu. A nan za ta cika."

Ya ce, "Ba a hannuna ba, Inna, in Allah Ya yarda."

Ya san wata tsohuwar mashiga a sama da gadar, inda yakan bi da rani, ya san ƙasanta dutse ne ba laka ba. Ya jawo wani babban daro na sanholo da ya rage a motar, ya kwantar da yarinyar a ciki, ya ɗora a ka, ya shiga ruwa. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji yana fizgarsa. Delu tana tsaye a gaɓa, ba ta ganin komai sai daron nan yana lilo a kan ruwa. Ya haye. Ya miƙa yarinyar ga wata mata mai sayar da nono, ya sake faɗawa ruwa ya dawo, ya durƙusa a gaban uwarsa.

Delu ta ce, "Ni za ka goya, ɗan nema?"

Ya ce, "Hau mana, Inna. Ke kin goya ni ina yi miki fitsari a baya, ni ko wannan ba zan samu ba."

A bayansa ta haye, tana dariya tana kuka. Suka hau babur zuwa ƙauyen. Likitocin suka karɓi yarinyar a guje, daga baya babbarsu ta ce da an tsaya jiran ruwa, da ba a kawo ta da rai ba.

Aka fara magani. Jijjiga ta tsaya, yarinya ta buɗe ido, har ta karɓi kunu. Kowa ya yi hamdala. Amma da aka sake gwada jini sai likitar ta ɓata fuska. Ta ce magani yana fitar da dalma, amma ba ta raguwa yadda ya kamata, kamar ana kwasa ana ƙarawa. Ta ce sai an gano mafarinta, in ba haka ba ko an sallame su aikin banza ne, kuma kan yaro in ya lalace ba ya gyaruwa.

Aka aika wa Hashimu. Ya kashe wutar maƙera, ya shiga gidan uwarsa ya fito da duk wani abu mai sunan ƙarfe. Tukwane, ludaya, cokula, buta, murfin randa, har 'yan gwangwanaye da yarinyar take wasa da su. Ɗaya bayan ɗaya ya auna, ya ƙwanƙwasa, ya karta. Sanholo ne, baƙin ƙarfe ne, tagulla ce. Babu dalma ko ƙwaya. Ya zauna a ɗakin Delu ya haɗa kai da gwiwa. Da ya ɗago, idonsa ya sauka a kan kantar ajiye kwanuka inda tasar yaye take zama, ya ga wurin babu komai. Duk gidan ya gwada, saura abu ɗaya, shi kuma yana can tare da marar lafiya.

Ya san abin da tunanin nan yake nufi, don haka bai gaya wa kowa ba. Ya kama hanya, ruwa ya ɗan janye, ya isa ƙauyen. Ya tarar da Delu a ƙarƙashin rumfa tana ba Hindatu kunun tsamiya a tasar.

Bayan gaisuwa ya ce, "Inna, ara mini tasar nan."

Tana ganin fuskarsa ta gane. Ta janye tasar ta rungume. "Maƙeri, ka yi hankali. Hannun ubanka ne."

"Na sani, Inna."

"Shi ya koya maka riƙe awartaki. Yau kai ne za ka tuhumi aikinsa?"

Ya durƙusa, ya ce, "Shi ne ya ce mini kada in yarda da hasken ƙarfe sai na ji shi a hannu. Ko nasa ne."

Sai ta zubar da kunun ta miƙa masa. Yana karɓa ya ji nauyinta ya wuce girmanta. Ya goga bakinta a farar rigarsa, ta bar baƙin layi. Saura gwaji ɗaya, wanda ba a yinsa sai an ɓata abu. Zallar kuza in an lanƙwasa ta kuka take, ƙas-ƙas, kamar ana taka busasshen ganye. Hashimu ya ce bismillah, ya kama aikin ubansa na ƙarshe da hannu biyu, ya kai kusa da kunne, ya lanƙwasa. Tasa ta naɗe shiru kamar ƙullun tuwo.

Hawaye suka zubo masa. Ya ce, "Kuza ce ta gaza masa, Inna. Bai so ya bar amaryarsa babu tasa ba, sai ya cika da dalma, yadda muke yi a munduwa. Mu ba mu taɓa sanin tana cuta ba. Tsamin kunu kuma shi yake narko ta."

Likitoci suka ɗora tasar a kan na'urarsu, ta tabbatar da abin da hannunsa ya faɗa.

Delu ta yini ba ta ci komai ba. Abin da yake cinta shi ne za a ce Shekarau bai san ƙarfe ba. Barira da ta biyo su daga baya ta zauna kusa da ita, ta ce, "Inna, wallahi Baba bai yi kuskuren dangi ba. A takardar nan da ya kafa a zaure, kuza da dalma layi ɗaya suke, dalma tana ƙarƙashin kuza daidai. Masana da na'urorinsu abin da suka gano ke nan, shi kuwa da hannunsa ya gano. Kin san wane ne a saman layin nasu? Gawayi, abokin aikinsa. Halin dalma a jiki ne kawai ba a gani a maƙera." Delu ta share ido ta ce, "Ashe dai ya sani." Ta karɓi abinci.

Daga ranar jini ya fara washewa. Hindatu ta yi ta ture kwanon roba tana neman tasarta, yunwa ta sa ta haƙura. Suka dawo gida tana tafiya da ƙafarta. Maganarta ta ɗan yi jinkiri, amma tana dawowa, yanzu har tsiwa take yi wa kakarta. Hashimu kuwa ya tara maƙeran fari na garinmu, ya ajiye naɗaɗɗiyar tasar a gabansu, bai ɓoye ko aikin wane ne ba. Suka yi alkawari dalma ba za ta sake shiga abin da baki zai taɓa ba.

To, ga inda maganar ta tsaya. Likitoci sun ce yarinyar nan tana bukatar kulawa ta shekaru, abinci mai kyau, komawa gwaji a kai a kai, kuma a nisanta ta da ƙurar maƙera. Delu ta dubi gwiwoyinta da idonta da suka fara gazawa, ta san ba za ta iya ba. Ta kira 'ya'yanta uku, ta kira ni a matsayin ƙanin ubansu, ta ce za ta ba da riƙon Hindatu ga ɗaya daga cikinsu. Kafin ta rufe baki kowa ya ce shi.

Barira ta ce, "Da ban kira ciwon da sunansa ba, da har yau saiwa kuke jiƙa mata."

Zubairu ya ce, "Malama, kin kira suna, sunan ya warkar da ita? A asibitinku na birni kuka kawai kike. Ni na sa ta a ka na ratsa ruwa."

Hashimu ya ce, "Ka sa ta a ka, ka kuma sa tasar a mota, ɗan gwangwan. Har asibitin ka kai mata ciwon. Da ban lanƙwasa abin da babu mai iya taɓawa a cikinku ba, da magani yana shiga ta nan yana fita ta can."

Zubairu ya ce, "Yaya, kai da ka zo bayan ruwa ya janye?"

Suka kwashe da dariya, amma babu wanda ya janye. Kowannensu yana da gida da iyali na kirki. Gidan Hashimu yana bayan kasuwa, nesa da maƙera, kuma kusa da kakarta. Barira tana birni, ga makaranta ga asibiti. Zubairu ga mota ga sanin hanya, matarsa kuma ba ta taɓa haihuwa ba, tun yanzu ta ɗinka wa yarinyar kaya.

Delu ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ta gaya mini daga baya cewa ba ta taɓa jin girman haihuwa irin na ranar ba. Amma yarinya ɗaya ce, ba ta rabuwa uku. Ta juyo ta ce, "Baffansu, ni duk na haife su, bakina ba zai iya ba. Kai ka yanke."

Ni kuwa na juya maganar ta kowace fuska, duk wanda na cire a cikinsu sai in ga yarinyar ba ta rayu ba. Shi ya sa na kawo muku. Barira ta gane ciwon ta kira shi da sunansa. Zubairu ya san inda magani yake, ya sa ransa a ruwa ya kai ta. Hashimu ya gano mafarin, ya karya aikin ubansa da hannunsa ya tsayar da shi.

To, ku gaya mini, a hannun wa za a sa Hindatu?